Raunin Laka a Suleja: Jinyar da Ake Tsarawa a Asibiti, a Ƙarasa Ta a Gida

Wanda ya san Suleja ya san titunanta. Babban titin Abuja zuwa Kaduna ya taso daga Zuba, ya bi ta Madalla a gindin Dutsen Zuma, ya nufi Tafa. Na Minna ya bi ta Dikko da Lambata. Tankokin mai na ta kai da komo a Maje, ga dubban magina da leburori da ƙananan ma'aikata da ke kwana a garin su yi sammakon zuwa Abuja. Inda mota da babur da aikin gini suka haɗu haka, ba a rasa wanda zai karya wuya ko gadon baya. Rahotannin asibitocin koyarwa na Najeriya sun daɗe suna nuna cewa hatsarin hanya ne kan gaba wajen raunata laka, sai faɗowa daga gini ko bishiya, sai harbi. Akwai kuma wanda tarin fuka ke ci masa ƙashin baya sannu a hankali har ƙafafu su mutu ba tare da ya taɓa faɗuwa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum fiye da miliyan 15 ne ke rayuwa da wannan rauni a duniya.

Ɓarnar farko sau da yawa a bakin titi ake yin ta, kuma da kyakkyawar niyya. Wani ya kama hannuwa, wani ƙafafu, a naɗe mutum a kujerar bayan mota, kai na lilo. Ƙashin da ya tsage bai taɓa laka ba, a wannan ɗaukar yake gocewa ya datse ta. Wani bincike da aka wallafa a 2011 kan majinyatan asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja da ke Gwagwalada ya gano cewa waɗanda aka kawo a duƙunƙune, da waɗanda suka makara kafin su iso, sun fi mutuwa. Abin da ake so shi ne mutum ɗaya ya riƙe kai daidai da gangar jiki, wasu uku ko huɗu su ɗaga gaba ɗaya a kan ƙyaure ko faffaɗan katako, kada a ba shi ruwa, a kira jami'an kiyaye haɗurra a lamba 122. Saboda haka tambayoyin farko na nas a Babban Asibitin Suleja, ko a duk asibitin da aka fara sauke shi, su ne: ƙarfe nawa abin ya faru, yaya aka ɗauko shi, ya motsa ƙafa a wurin ko bai motsa ba? Amsar ta ƙarshe tana da nauyi, domin ita ce za ta nuna ko raunin tsaye yake ko ƙaruwa yake yi.

Laka tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ƙasusuwan baya: 7 a wuya, 12 a bayan ƙirji, 5 a ƙugu, sannan waɗanda suka manne a ƙasa. Tana ƙarewa wajen ƙashin ƙugu na 1 ko na 2. Jijiyoyi 31 ke fita daga kowane gefenta zuwa sassan jiki, don haka duk abin da ke ƙasa da inda aka ji rauni yana iya rasa ji da motsi. Mai raunin bayan ƙirji zai rasa ƙafafu. Mai raunin wuya zai iya rasa har hannuwa, wani lokaci har numfashi.

Shi ya sa ake fara dubawa daga numfashi. Tsokar da ke tsakanin ƙirji da ciki, wadda ke jan iska, daga matakin wuya na 3 zuwa na 5 take samun umarni. Nas za ta ƙirga numfashi, ta ce ya yi tari ta ji ƙarfinsa, ta lura ko muryarsa na yankewa a tsakiyar magana, ko ciki ne kaɗai ke tashi ƙirji na lotsawa. Kumburin laka yana iya hawa sama a kwanakin farko, har wanda ya shigo yana hira ranar Litinin ya kasa fitar da majina ranar Laraba. Irin wannan ba a barin sa a inda babu na'urar taimakon numfashi. Da wuri ake tura shi Gwagwalada ko Asibitin Ƙasa na Abuja, inda ake hoton laka da tiyatar ƙashin baya. Likitoci a yau sun fi son a sauke matsi daga kan laka cikin sa'o'i 24 idan da hali.

Jini ma yana da nasa tarkon. Idan raunin ya kai matakin bayan ƙirji na 6 ko sama, jijiyoyin jini kan saki, awon jini ya faɗi, bugun zuciya ya yi sanyi, fata ta zauna da ɗumi. Wanda jini ke zuba a cikinsa shi ma awonsa kan faɗi, amma zuciyarsa gudu take, jikinsa ya yi sanyi da gumi. Dole nas ta iya rarrabe su, ta kuma tuna cewa ana iya samun biyun a jikin mutum ɗaya, kuma wanda ba ya jin cikinsa ba zai yi kukan ciwon da zai tona zubar jinin ba. Laka mai rauni tana buƙatar jini ya isa gare ta, don haka a makon farko ake ƙoƙarin riƙe matsakaicin ƙarfin jini a 85 zuwa 90.

Sai awon ji da motsi. Ma'aunin da ake amfani da shi a duniya, wanda aka fi sani da ASIA, yana gwada wurare 28 a kowane gefen jiki da auduga da tsinin fil, da tsoka 10 a kowane gefe, ana ba su maki daga 0 zuwa 5. Akwai alamomin da kowace nas ta haddace: kan nono mataki na 4 ne na bayan ƙirji, cibiya na 10. Lanƙwasa gwiwar hannu na wuya na 5 ne, ɗaga wuyan hannu na 6, miƙe gwiwar hannu na 7. "Malam, rufe idonka. Ka ji na taɓa ka nan? Tsini ka ji ko laushi?" Gwajin duka a kan fahimtar juna ya tsaya, kuma Suleja gari ne na Bahaushe da Bagwari da Koro da baƙi daga kowace kusurwa. In majinyaci bai gane tambayar ba, ko yana cewa "e" don kara, awon ya tashi a banza, gara a nemo mai jin harshensa. Gwaji mafi nauyin kunya kuwa shi ne na kewayen dubura, kuma shi ne mai yanke hukunci: idan akwai ji ko motsi a can, saƙo na ratsa wurin raunin ke nan, fatan samun sauƙi ya fi yawa. Ana yin sa da labule, da neman izini, da bayani. Tsallake shi saboda kunya cutar da majinyaci ne. Daga nan ake sanya shi a aji, daga A, wato babu ji babu motsi a can ƙasa, zuwa E, wato komai ya dawo daidai.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. A wannan ciwo ƙimar ido ba ta isa, sai an rubuta. A sa ƙarfe nawa aka gwada, a ja layi da biro a fata inda ji ya tsaya, domin nas ɗin dare ta gane idan layin ya hau.

A kwanakin nan ne uwa ko mata za ta tare nas a bakin ƙofa: "Sista, don Allah ki gaya mini gaskiya, zai sake takawa?" A farkon rauni laka kan yi suma, komai ya yi laƙwas na kwanaki ko makonni, don haka awon ranar farko ba shi ne ƙarshen magana ba. Ina ganin zalunci ne a ce wa iyali "zai tashi" don a kwantar musu da hankali, domin alkawarin nan ne ke sa su sayar da gona su shiga yawon neman magani. Zalunci ne kuma a rufe musu ƙofa tun ba a ga yadda jiki zai yi ba. Amsar da ta dace ita ce: "Mama, ga abin da muka gani yau, za mu sake gwadawa. Amma ko ya taka ko bai taka ba, akwai abin da in muka yi sakaci da shi zai kashe shi, kuma wannan yana hannunmu ni da ke."

Tarihi ne ya koyar da wannan amsa. A Yaƙin Duniya na Ɗaya mafi yawan sojojin da suka ji raunin laka sun mutu cikin makonni ko watanni, akasari saboda gyambon kwanciya da cutar mafitsara da ta haura ƙoda. A Fabrairun 1944 Ludwig Guttmann, likita Bayahude da ya gudo daga Jamus, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville a Ingila. Ba shi da maganin da ke haɗa laka, har yau ma babu shi. Abin da ya dage a kai shi ne a juya majinyaci duk bayan sa'o'i 2, dare da rana, a kula da fitsarinsa da tsafta, a tashe shi ya koyi sana'a da wasa. Mutane suka rayu. Wasannin da ya fara a 1948 su ne asalin gasar nakasassu ta duniya. Mafi yawan abin da ya ceci mutanen nan aikin jinya ne, kuma kusan babu wanda ya fi ƙarfin Suleja a cikinsa.

Fata ce ta fi cin lokaci. Mai lafiya yana gyara kwanciya ko cikin barci saboda jiki na gaya masa ya gaji. Wanda ba ya ji, nauyinsa zai danne naman da ke kan ƙashi har jini ya daina shiga, cikin sa'o'i kaɗan naman ya fara mutuwa daga ciki. Wuraren da ake dubawa su ne ƙashin tsakiyar ƙugu, kwatangwalo, diddige, idon sawu, allon kafaɗa, ƙeya, da mazaunai ga wanda ya fara zama. Ma'aunin Braden, na 1987, yana auna haɗarin da abubuwa 6, maki daga 6 zuwa 23, kuma ƙarancin maki shi ne yawan haɗari. Littattafan da aka rubuta a Turai suna cewa a nemi inda fata ta yi ja. A baƙar fata jan ba ya fitowa sosai. Abin da za a nema shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya fi zafi, ko ya yi tauri ko laushi a hannu, kuma a duba da haske mai kyau. Nas ɗin da ke jiran ja, sai fata ta fashe za ta gani.

Juyi 12 ke nan a kwana guda, kuma kafin ƙashi ya kama sai da mutum uku ko huɗu, a juya kai da kafaɗa da ƙugu lokaci ɗaya. Nas ɗaya ko biyu a ɗaki cike da majinyata ba za su iya wannan su kaɗai ba. A asibitocinmu ɗan'uwan da ke kwana a gindin gado shi ne hannun nas, ko an rubuta hakan ko ba a rubuta ba, don haka koya masa aikin yana cikin jinyar tun ranar farko. A karkata jiki kaɗan da matasai maimakon a ɗora shi a kan kwatangwalo, a ɗage diddige daga katifa, a miƙe zanin gado, a kakkaɓe ɓurɓushin abinci, kada a murza kan ƙashi da man zafi. Ledar da ake shimfiɗawa saboda fitsari tana tara gumi a lokacin zafi, sai an ɗora mata zanin auduga ana sauyawa. Da rana masu dubiya sun isa su taimaka. Tsakanin Isha'i da Asuba, lokacin da mai jinya ya gaji barci ya ɗauke shi, a nan gyambo ke samun wuri. Tsarin da bai faɗi wanda zai tashi ƙarfe 12 da ƙarfe 2 da ƙarfe 4 ba, bai gama tsaruwa ba. Gyambo kuma da abinci yake warkewa: wake, ƙwai, kifi, awara, nono, gyaɗa. Kunu da shayi kaɗai ba sa gina nama.

A nan ne ya kamata a yi magana a fili kan gashi da ɗori. Masu ɗori suna da daraja a wurin mutanenmu, kuma iyali da yawa za su je ko an hana su. Amma ja da danna ƙashin baya da ya karye na iya ƙarasa lakar da ta rage. Gashi da ruwan zafi, ko kaskon garwashi a gefen ƙafa lokacin hunturu, yana ƙona naman da ba ya jin zafi har ya sale mutum bai sani ba. Nas ɗin da ta yi faɗa, ɓoye mata za a yi. Wadda ta zauna ta yi bayani, ta bar addu'a da tofi a wurinsu, ta ja layi a kan ja da ƙuna da tsaga, ita ake saurara.

Mafitsara ma ba ta ba da labarin ta cika. Da farko ana sa robar fitsari, a rataye jakar ƙasa da gado, a lura kada robar ta lanƙwashe, a auna abin da ya shiga da wanda ya fita. Barin roba watanni ba a sauya ba yana jawo cuta da tsakuwa da toshewa. A 1972 wani likitan Amurka, Jack Lapides, ya nuna cewa mutum na iya zura roba mai tsafta da kansa, ya zubar da fitsari ya cire, duk bayan sa'o'i 4 zuwa 6, da sabulu da ruwa kawai. Ga mai hannuwa lafiya wannan ta fi, kuma tana sauƙaƙa masa komawa kasuwa ko makaranta. Sai dai tana son ruwa mai tsafta kullum, abin da ya zama lissafin kuɗi ga gidan da ke sayen ruwa a hannun 'yan ga-ruwa. Zazzaɓi da rawar sanyi da ƙaruwar fizgar ƙafafu alamun cuta ne da ke son gwaji a asibiti. Sayen ƙwayoyi a kemis duk lokacin da fitsari ya yi duhu yana sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Hanji kuwa horo yake so: lokaci ɗaya kullum ko bayan kwana ɗaya, jim kaɗan bayan cin abinci, da isasshen ruwa da zogale da kuɓewa da gwanda.

Akwai haɗari guda da nake so duk mai jinya ya haddace, domin yana iya kisa cikin mintuna kuma maganinsa na farko a gida yake. Mai rauni a matakin bayan ƙirji na 6 ko sama, idan wani abu ya takura jikinsa a inda ba ya ji, galibi cikar mafitsara, ko taurin bayan gida, ko gyambo, sai jininsa ya yi tashin gaggawa. Kai ya yi ta sara, fuska ta yi gumi, hanci ya toshe. Kada a kwantar da shi. A zaunar da shi, a sauke ƙafafu, a sassauta tufafi, a duba roba, a zubar da fitsari, in bai lafa ba a garzaya asibiti. Irin waɗannan majinyata awon jininsu na yau da kullum kan tsaya wajen 90 zuwa 110, don haka 140 a wurinsu gobara ce, alhali ma'aikacin da bai san su ba zai ce ba komai. Dole a rubuta musu awonsu na asali a kati su riƙa yawo da shi.

Sauran a taƙaice suke. Jini kan daskare a jijiyar ƙafa, musamman a watanni 3 na farko, don haka ake duba kumburin ƙafa ɗaya, ake kuma allurar tsinka jini. Ana motsa kowace gaɓa kullum kada ta sandare, a tokare tafin ƙafa kada ya sunkuya. Jikin da ba ya gumi a ƙasan rauni ba ya iya sanyaya kansa a zafin Maris da Afrilu, sai da jiƙaƙƙen tsumma da mafici idan an ɗauke wuta.

Duk ɗalibin jinya a Najeriya ya san matakai 5 na aikin: dubawa, gano matsala, tsarawa, aiwatarwa, sake aunawa. Ya san takardar tsarin jinya mai layuka. Damuwata ita ce takardar kan zama abin cikewa don jarrabawa, a kwafo jimloli iri ɗaya ga kowane majinyaci. Buri kamar "a inganta lafiyar fata" ba wanda zai iya cewa an cim masa ko ba a cim masa ba. Wanda ke da amfani shi ne: nan da kwana 7 babu tabo a ƙugu, kuma matarsa ta juya shi a gaban nas ba tare da an gyara mata ba.

Babban giɓin kuwa shi ne gida. Asibiti makonni ne, rauni na tsawon rai ne, kuma gyambon da ke kashe mutum sau da yawa bayan sallama yake zuwa. Don haka dubawar nas ba ta kammala ba sai ta san inda zai koma. Ɗakin haya ne a Kwamba ko Rafin Sanyi ko Madalla, mai bayi ɗaya ga dukan gida? Masai ne na tsuguno? Keke zai shiga ƙofar, zai bi lungun mai dutse da kwata? Katifa yake da ita ko tabarma? Idan lebura ne da ba shi da kowa a Suleja, za a mayar da shi ƙauye a Katsina ko Zamfara, wa zai juya shi a tafiyar sa'o'i da yawa a mota? Wa ya yarda ya taɓa al'aurarsa: matarsa, ɗansa, ƙanensa? Idan mace ce, wace ce za ta zauna da ita, kuma yarinya ce za a cire daga makaranta? Mai jinya ɗaya ba ya ɗorewa, aƙalla biyu za a koya wa.

Akwai tambayoyin da majinyaci ba zai fara yi ba sai an buɗe masa ƙofa. Yaya zai yi salla da roba a jikinsa? Fiƙihu ya yi sauƙi ga mai yoyon fitsari da wanda ba ya iya tsayuwa, kuma jin haka daga bakin malami yana sauke nauyi mai yawa. Yaya aurensa? Mace mai raunin laka tana iya ɗaukar ciki ta haihu, sai dai a asibiti. Namiji ma akwai abin da likita zai iya taimaka masa da shi. Wanda ya daina cin abinci, ya juya fuska bango, yana cewa gara mutuwa, ba raunin imani za a ɗora masa ba, ciwon damuwa ne da ke da magani, kuma a rubuta shi a cikin tsarin kamar yadda ake rubuta gyambo.

Keken guragu ma sai an auna. Wanda aka raba kyauta ba tare da matashin zama mai kyau ba yana iya zama sanadin gyambo, kuma wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin bayar da keke a 2008. Mai zama a keke zai riƙa ɗage nauyinsa duk bayan minti 15 zuwa 30. Dokar hana wariya ga masu nakasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga, kuma wa'adin ya wuce. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta wajabta inshora ga kowa, amma ɗan acaba da magini har yanzu daga aljihu mafi yawansu ke biya.

Shi ya sa iyalai da dama ke sa hannu su ɗauke majinyacinsu kafin likita ya sallame shi, idan kuɗi ya ƙare. Fushi da su ba ya hana tafiyar. Abin da ya rage wa nas shi ne sa'ar da ke gabanta: ta sa su juya shi a gabanta, su nuna mata yadda za su zubar da fitsari, su maimaita alamun tashin jini da abin da za su yi. Ta ba su takarda da Hausa ko harshen da suke karantawa, ɗauke da matakin raunin, awon jininsa na asali, lambar robarsa da ranar sauya ta, su kai wa ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi mafi kusa da gidansu, wanda shi ne zai riƙa ganin majinyacin daga ranar.